Dataran Merdeka a Kuala Lumpur: me ya sa Turawan mulki suka yi wa ofishinsu ƙubba?

Maman Hanan:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan kowa ya tashi lafiya. Dan Allah masana tarihi da masu harkar gini a taimaka min da bayani. Ƙanina yana karatu a Malesiya, to kwanan nan ya turo min hotunan wani fili a tsakiyar Kuala Lumpur da ake kira Dataran Merdeka, fili ne fetal ciyawa kore shar, gefe guda ga wani dogon gini na jan bulo mai ƙubbobi uku da hasumiyar agogo a tsakiya, barandarsa duk baka-baka tun daga wannan kai har wancan. Wallahi duk wanda ya ga hoton cewa zai yi masallaci ne ko fadar sarki, sunansa ma ginin Sultan Abdul Samad. Amma yaron ya ce min wai Turawan Ingila ne suka gina shi ya zama ofishinsu, kuma wai a ɗaya gefen filin akwai kulob ɗinsu mai fasalin gidajen Ingila, ga kuma coci can a kusurwa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutanen da suka zo mulkin mallaka, ba Musulmi ba, me ya kai su yi wa ofishinsu ƙubba alhali cocinsu da kulob ɗinsu sun yi su irin na gida? Girmama mutanen ƙasar ne ko wata dabara ce? Sannan filin kansa me ake yi a cikinsa a da, kuma da gaske a nan aka ba ƙasar 'yanci? Ina son abin ne sosai don ginin ya burge ni, amma bana son in riƙa yabon abin da ban fahimci asalinsa ba. Nagode.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam Maman Hanan. Ƙaninki gaskiya ya faɗa miki, ginin nan ba fada ba ne ba kuma masallaci ba, sakatariya ce ta gwamnatin mulkin mallaka, a ciki ake da baitulmali da ofishin ayyuka da sauran ofisoshi. Sunan Sultan Abdul Samad sai a 1974 aka laƙaba masa. Shi wannan sarki shi ne ke kan gadon Selangor, jihar da Kuala Lumpur ke cikinta a da, lokacin da aka yi ginin, ya yi sarauta daga 1857 zuwa 1898, kuma zamansa ma ba a Kuala Lumpur ba ne, can Jugra yake wajen bakin teku.

In kina son ki gane filin sai kin fara gane garin, domin Kuala Lumpur ba tsohon birnin sarauta ba ne, garin 'yan haƙar kuza ne. Wajen 1857 ne wani basarake Raja Abdullah ya tura ma'aikata Sinawa suka bi kogin Klang sama suna neman kuza, aka samu a Ampang, sai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu ya zama masauki, nan ake sauke kaya nan ake lodin kuza, har ya zama kasuwa. Wanda ya riƙe garin a hannunsa wani Basine ne Yap Ah Loy mai muƙamin Kapitan, shi ne shugaban Sinawan wurin, shi ya sake tayar da garin bayan yaƙin basasar Selangor ya ƙone shi. To wannan yaƙe-yaƙen kan kuza shi ya ba Turawa ƙofa. A 1874 suka yi yarjejeniyar Pangkor da sarautar Perak, jihar da ke maƙwabtaka da Selangor, aka ce sarki zai karɓi Razdan, kuma dole ya nemi shawararsa ya kuma yi aiki da ita a kan komai in ban da addini da al'adar Malay, wato ƙabilar sarakunan ƙasar. Ki riƙe wannan sharaɗin da kyau don yana da alaƙa da maganar ƙubba. Selangor ma nan da nan ta bi sahu.

A 1880 Razdan na lokacin Bloomfield Douglas ya ɗauke hedikwatar jiha daga Klang ya kawo Kuala Lumpur. Da suka zo ba su shiga cikin gari ba, garin Sinawa yana gabas da kogi a cunkushe, gidajen katako da rufin ganye, su kuwa suka tsallaka yamma suka hau tudun da yanzu ake kira Bukit Aman suka kafa ofisoshi da barikin 'yan sanda. Tsakanin tudun da kogi akwai wata fadama da Sinawa ke noman kayan lambu, ita ce aka share aka mai da filin faretin 'yan sanda, mutane suna ce mata Padang. Kin ga asalin filin ke nan, ba don yara su yi wasa aka yi shi ba, filin atisaye ne kuma tazara ce tsakanin masu mulki da waɗanda ake mulka.

A 1881 gobara ta cinye garin a farkon shekara, ƙarshen shekara kuma ambaliya ta zo ta ƙarasa. Frank Swettenham ya zama Razdan a 1882, ya sa doka a riƙa gini da bulo da rufin tayil, jirgin ƙasa ya iso daga Klang a 1886, kuɗin kuza ya fara shigowa kamar me. Kulob ɗin da ƙaninki ya faɗa, Selangor Club, an kafa shi 1884. A 1892 muƙaddashin Razdan Ernest Birch wanda mayen kurket ne ya sa aka cike filin aka daidaita shi don wasa. Shi wannan Birch ɗin ɗa ne ga J.W.W. Birch, Razdan na farko a Perak wanda mutanen can suka kashe a 1875, wato dai sun san ƙasar ba ta karɓe su da hannu biyu ba. Cocin St Mary aka aza harsashinta a 1894. Sai a 1896 aka haɗa Selangor da Perak da Negeri Sembilan da Pahang a tarayya ɗaya, Kuala Lumpur ta zama babban birni, ginin da kike tambaya ya zo daidai da wannan lokacin.

To ki tsaya a tsakiyar filin a zuciyarki: gabas ofishin gwamnati, yamma kulob, arewa coci, kudu banki da maɗaba'ar gwamnati. Mulki, shaƙatawa, ibada, kuɗi, duk Bature zai zaga su da ƙafa ba tare da ya tsallaka kogi ba. Kuma ba nan kaɗai suka yi haka ba, ki duba Padang na Singapore za ki ga kulob ɗin kurket da cocin St Andrew da kotun ƙoli sun kewaye fili kamar haka. Maganar zanen ginin kuma na bar wa masu sana'ar.

Injiniya Magini:

Allah ya ƙara lafiya Malam, ka share mana hanya. Hajiya bari in ɗora daga inda Malam ya tsaya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zanen farko na ginin nan ba shi da ƙubba ko ɗaya. Mai zanen gwamnati A.C. Norman ya zana shi ne irin na Turai sak, ginshiƙai da goshi irin na Rumawa. Shugabansa, injiniyan jiha C.E. Spooner, ya ce bai yi masa ba. Shi Spooner ya yi aiki a Ceylon wato Siri Lanka ta yanzu, ya san irin gine-ginen da Turawa ke yi a yankin Indiya, sai ya sa wani matashi R.A.J. Bidwell ya sake fasalin ya koma irin na Musulmi, daga baya A.B. Hubback da ya iso a 1895 shi ma ya sa hannu. Amma a dutsen harsashi sunan Norman ne a matsayin mai zane, wanda ya yi ainihin aikin da ake yabo babu sunansa, abin nan yana min ciwo a matsayina na mai sana'a. Gwamna Charles Mitchell ya aza harsashi ranar 6 ga Oktoba 1894, Swettenham ya buɗe a Afrilu 1897. Bulo wajen miliyan 4 ya ci, har sai da Spooner ya sa aka kafa masana'antar bulo don aikin, kuɗinsa kuma dala 152,000 ta can wancan zamanin. Tsawon fuskarsa mita 137, hasumiyar agogo mita 41, agogon kuma ya fara bugawa ne a 1897 a bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 60 a kan mulki.

Yanzu ga inda maganar take. Wannan salon ba na Malay ba ne, daga Indiya aka kwaso shi, ana ce masa Indo-Saracenic. Bayan boren 1857 a Indiya, da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki kai tsaye daga hannun kamfanin ciniki na East India Company, Turawa suka fara gina kotuna da kwalejoji da tashoshi da ƙubba da baka irin na sarakunan Mughal, Musulmin da suka mulki Indiya kafin su, kamar babbar kotun Madras da aka gama a 1892. Saƙon a fili yake, mu ne magadan waɗancan sarakunan. To shi Spooner ya ɗauko wannan ya kawo Selangor da hujjar cewa ƙasar Musulmi ce, ya kuma haɗa da baka mai siffar kofaton doki irin na Andalus da Maroko. Sai ki ga gini ɗaya, ƙubba daga Indiya, baka daga Andalus, hasumiyar agogo daga Ingila, babu abu ɗaya da aka ɗauko daga gidan Bamalaye.

Amma fa a bar maganar siyasa a gefe, a matsayin gini abin ya yi. Ƙasar nan zafi da gumi da ruwan sama shekara duka, to baranda ta zagaye benen sama da ƙasa, rana ba ta dukan bangon ofis kai tsaye, ruwa ba ya feshin taga, iska kuma tana ratsawa ta bakunan nan. Rufi a sama sosai, zafi ya tashi ya bar mutane. Wannan duk kafin a san wani abu wai shi na'urar sanyaya ɗaki. Ƙananan hasumiyoyi biyu masu zagaye da ke dama da hagu ba ado kawai ba ne, matakala ce a cikinsu tana murɗawa zuwa sama, ƙubbobin uku kuma an lulluɓe su da tagulla. In kika kalle shi daga sama siffar harafin F gare shi. Jan bulon an bar shi tsirara, bakunan kuma aka shafe su da farar filasta, wannan ja da farin shi ne ke sa ido ya kasa barinsa, kuma ki lura bakunan ba iri ɗaya ba ne, wani mai tsini, wani kofaton doki, wani mai lanƙwasa biyu, shi ya sa tsawon mita 137 bai gundurar da mai kallo. Sannan wurin bakin kogi ne ƙasa mai laushi, gini mai nauyin nan ya haura shekara 120 yana tsaye, wanda ya taɓa aza harsashi a fadama ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

Da ginin ya karɓu sai salon ya bazu a unguwar, babban gidan waya a 1907, tashar jirgin ƙasa a 1910. Kulob ɗin kuwa da Hubback ya sake gina shi a 1910 sai ya yi shi fari da baƙin katako irin tsofaffin gidajen Ingila. Hannu ɗaya ne fa ya zana tashar mai ƙubbobi ya zana kulob ɗin. Inda talakan ƙasa zai zo biyan haraji ko sayen tikiti an sa masa ƙubba, inda su za su zauna su huta sun yi abin su na gida.

Maman Hanan:

Kai masha Allah, Malam da Injiniya Allah ya saka da alheri ya ƙara basira. Amma Injiniya ka ce babu abin da aka ɗauko daga gidan mutanen ƙasar, to su masallatansu fa? Ai Musulunci ya daɗe a can tun kafin Turawa, ba da ƙubba suke gina masallaci ba?

Injiniya Magini:

Hajiya tambayar nan ita ce zuciyar maganar. Tsohon masallacin Malay ba ƙubba gare shi ba, na katako ne, wani a kan dirkoki don ruwa, rufinsa mai kusurwa huɗu hawa biyu ko uku yana tsukewa zuwa sama, tsakanin hawa da hawa a bar wa iska hanya. Ki nemi hoton masallacin Kampung Laut na Kelantan ko Kampung Hulu da Kampung Kling na Melaka waɗanda tun ƙarni na 18 suke, za ki ga abin da nake faɗa. Masjid Jamek da ke bayan ginin Sultan Abdul Samad, daidai mahaɗar kogunan biyu, wanda aka buɗe a 1909 da ƙubbobi irin na Mughal, Hubback ɗin nan ne ya zana shi, shi ne kuma ya zana masallacin Ubudiah na Kuala Kangsar mai ƙubbar zinariya. Sannu a hankali ido ya saba har ya zama in ba ƙubba kamar ba masallaci ba. Shi ya sa bayan 'yanci da aka zo gina masallacin ƙasa, Masjid Negara, wanda aka buɗe a 1965, masu zanen suka kauce wa ƙubbar albasa suka yi rufin kankare mai ninki kamar buɗaɗɗiyar laima.

Ɗalibi a Selangor:

Salam. Aunty ni ma karatu nake a nan kuma wurin nan ina yawan zuwa, bari in amsa ɓangaren 'yanci don mutane suna haɗa wurare biyu. Daren 30 ga Agusta 1957 jama'a suka cika filin nan maƙil, saura minti biyu sha biyun dare aka kashe fitilu, da agogon hasumiya ya buga sha biyu aka kunna, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Malaya aka rera taken ƙasa. Wannan a Padang aka yi. Amma shelar 'yancin kanta da safe aka yi ta ranar 31 a Stadium Merdeka, wani filin wasa ne daban da aka gina musamman don ranar, a can Duke na Gloucester ya wakilci Sarauniya, a can ne Tunku Abdul Rahman, firaministan ƙasar na farko, ya ɗaga hannu ya yi kiran Merdeka, wato 'yanci, sau bakwai. Sannan lokacin sunan ƙasar Malaya, Malesiya sai 16 ga Satumba 1963. Filin ya ci gaba da zama a hannun kulob ana buga kurket har 1987 da hukumar birni ta karɓe shi aka ba su wani wuri a Bukit Kiara, sai 1 ga Janairu 1990 aka buɗe shi da sunan Dataran Merdeka. Wato shekara 30 bayan 'yanci filin da aka sauke tuta yana nan a hannun kulob, ni abin nan ya fi komai ba ni mamaki.

In kin sauka jirgin LRT a tashar Masjid Jamek tafiyar 'yan mintuna ce. Abin da Injiniya ya faɗa kan baranda wlh haka yake, da azahar in ka tsaya tsakiyar ciyawar nan rana kamar ta fasa maka kai, ba bishiya ba inuwa, gumi har cikin takalmi, amma kana matsawa jikin ginin inda bakunan suke sai ka ji iska daban. Kuma in ka matsa kusa za ka ga bulon ba launi ɗaya ba ne, wani ja sosai wani ya yi duhu wani ya koɗe, a hoto ba a ganin wannan sai ka tsaya gabansa. Wajen la'asar hadari ya haɗo, ƙubbobin tagullar nan su yi wani irin ƙyalli a gaban baƙin gajimare, kafin ka ce me ruwa ya sauko kowa ya ruga neman mafaka, masu ɗaukar hoton aure suna tattare doguwar riga da gudu. Da dare kuma a kunna masa fitilu iyalai su bazu a kan ciyawa yara na guje-guje. Can kudu ga sandar tuta mai mita 95, in ka tsaya gindinta ka ɗaga kai sai hula ta faɗi.

Ruwa kuwa tsohon abokin gabar wurin ne. A ambaliyar 1926 ruwa ya shiga ma'ajiyar bankin Chartered da ke kudancin filin, har yau ana ba da labarin yadda aka fito da takardun kuɗi aka shanya su a kan ciyawar Padang masu gadi na tsaye. A 1971 ma an sake yin babba, wata guda ko ƙasa da haka bayan gobara ta ci babban ɓangaren kulob ɗin a ƙarshen 1970.

Mai Kishin Talaka:

Ku yi haƙuri ni dai ban ga abin burgewa ba, kuma Hajiya amsar tambayarki a ganina dabara ce, ba girmamawa ba. Malam da kansa ya faɗa, an ce wa sarki addini da al'ada naka ne, haraji da ƙasa da kotu da 'yan sanda namu ne. To ƙubbar nan ita ce wannan yarjejeniyar a gine, an ba ka kamanni an riƙe iko. Mutum ya sa rawani ya zauna a kujerar alƙali ba shi ke mai da shi naka ba. In da girmamawa ce me ya hana su tambayi maginan ƙasar yadda suke gini, sai aka je Indiya aka kwaso wani abu aka ce ai duk Musulmi ɗaya ne, wannan ma raini ne.

Sannan kuɗin da aka gina shi daga ina? Harajin kuza ne, da kuɗin da gwamnati ke samu wajen sayar da izinin ofiyom da caca ga 'yan kwangila, su kuma su tatsi leburorin da ke cikin ramin haƙa. Sinawa talakawa da zazzaɓi ke kashewa a ramin kuza, Tamilawa da aka kwaso daga kudancin Indiya suna fasa hanya suna shimfiɗa layin dogo, su suka biya su suka ɗauki bulon nan a ka. Muna ta jera Norman da Spooner da Hubback, har Injiniya yana jin ciwon an bar sunan Bidwell, to waɗanda suka ɗora bulo miliyan 4 ɗaya bayan ɗaya fa? Kuma rabon unguwanni da aka yi, Bature yamma da kogi, Basine gabas, Bamalaye daga baya aka ware masa Kampung Baru, wannan rabon bai tafi da Turawa ba, ƙasar ta sha wahalarsa, kowa ya san mummunan rikicin ƙabilancin da ya ɓarke a Kuala Lumpur ranar 13 ga Mayu 1969. Ni a ganina canza wa gini suna zuwa na Sultan rufa-rufa ce, yaro ya taso ya zaci kakanninsa ne suka gina.

Tsohon Malami:

Ɗana Mai Kishin Talaka, yawancin abin da ka faɗa ina tare da kai, musamman maganar leburori da inda kuɗin ya fito, kuma ni ma na fi karkata ga cewa ƙubbar siyasa ce. Inda zan ɗan ja da kai biyu ne. Na farko rabon bai kai tsaurin da ka zana ba a farkon lamari, cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin a 1884 akwai attajiri Batamile K. Thamboosamy Pillai, wato kuɗi da matsayi suna buɗe ƙofar da launin fata ya rufe, talaka ne dai ko wane iri ba shi da shiga. Na biyu, gini yana tara tarihi bayan wanda ya gina shi ya tafi. Agogon da aka fara bugawa don Victoria shi ne ya buga sha biyun da aka sauke tutar jikokinta. Japanawa sun riƙe garin daga Janairu 1942 zuwa 1945, mutanen ƙasa suka ga da idonsu Bature ma ana korarsa, daga nan kwarjinin filin ya fara zubewa. Bayan gwamnatin Selangor ta bar ginin ta koma sabuwar hedikwatarta Shah Alam, manyan kotunan ƙasar ne suka zauna a ciki shekaru masu yawa kafin a mai da su Putrajaya, sabon birnin gwamnatin tarayya, da unguwar Jalan Duta, alƙalan ƙasa suna yanke hukunci a ɗakunan da akawun Razdan ke zama. Shekarun da ginin ya yi a hannun 'yan ƙasa yanzu sun fi waɗanda ya yi a hannun Turawa, 60 ne kawai daga 1897 zuwa 1957. Maganar suna kuwa na yarda a rubuta gaskiya a allo a ƙofar ginin, wa ya zana, wa ya biya, su wa suka yi leburanci, yaro ya karanta. Amma rushewa ko watsarwa ba zai dawo wa leburan nan da komai ba, aikin hannunsu ne ma za a rasa.

Ɗalibi a Selangor:

Baba Malam gaskiya ne, kuma har yanzu rigimar wa ke da filin ba ta ƙare ba. A Afrilu 2012 masu zanga-zangar Bersih da ke neman a gyara harkar zaɓe sun so su zauna a Dataran, aka samo umarnin kotu aka kewaye shi da shinge da waya mai ƙaya, ƙarshe sai barkonon tsohuwa da ruwan feshi. Filin na hukumar birni ne, taro a ciki sai da izini. Abin da ni ke damuna kuma shi ne lokacin gyaran ƙarshen shekarun 1980 an haƙe ƙarƙashin filin an yi wurin ajiye motoci da shaguna, a wurin da asalinsa fadama ce a bakin kogi, Injiniya kai ka fi ni sanin abin da hakan ke jawowa in ruwa ya zo. Faretin ranar 31 ga Agusta ma ba kowace shekara ake yinsa a nan ba yanzu, wasu shekarun Putrajaya ake kai shi saboda ta fi faɗi da tsari. Abokan karatuna 'yan ƙasar sun rabu biyu a kan haka, ni dai ina bayan masu cewa a bar shi a Dataran, ko da cunkoso, tunda a nan aka sauke tutar.